Hotunan Kirsimati a Hannun 'Ya'yanmu

Karatu: Luka 2:1-20; Matiyu 2:1-15.

Sa'ad da hunturu ya sauka, Kirsimati kuma ta yi kusa, waɗansu iyaye a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su kan sayo wa 'ya'yansu littafi mai hotuna daga Gusau ko Kano. Wannan abu ne mai kyau. Yaro ya kan karanta hoto tun bai san baƙi ba, abin da idonsa ya gani kuwa ba ya saurin fita daga zuciyarsa. Domin wannan ya wajaba mu gwada kowane hoto da Maganar Allah.

1. Abin da al'ada ta kawo. Yawancin littattafan nan daga ƙasashen Turawa su ke fitowa. A ciki za ka ga dusar ƙanƙara, da itace mai fitilu, da wani tsoho mai jar riga. Ado da itacen nan al'adar Jamus ce. Tsohon kuma, asalin labarinsa Nikolas ne, bishop na Mira a ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, wanda ya yi zamani a ƙarni na 4, ya kuwa yi suna wajen kyauta. Ko ranar 25 ga Disamba, Linjila ba ta ambace ta ba; shaida mafi daɗewa ta nuna ana kiyaye ta a Roma a shekarar 336. Ba laifi yaro ya san waɗannan, amma a gaya masa al'ada ce.

2. Abin da masu zane suka ƙara. Sau da yawa a kan zana sarakuna uku durƙushe a gaban komin dabbobi tare da makiyaya. Ku duba Matiyu 2:11. Masu hikima sun sami yaron a cikin gida ne. Matiyu bai ce sarakuna ne ba, bai faɗi yawansu ba. Kyautai ne guda uku, zinariya da lubban da mur. Luka ya ambaci komin, amma sa da jakin da a ke zanawa kusa da shi, bai ambace su ba.

3. Shafin da a kan tsallake. Littattafai da yawa su kan ƙare da murna, ba su kai ga gudu zuwa Masar ba. Amma Yusufu ya tashi da dare, ya ɗauki yaron da uwarsa, domin Hirudus yana neman ransa. 'Yan'uwa, a cikin shekarun nan yara da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi, Kirista da Musulmi, sun bar ƙauyukansu da dare saboda 'yan bindiga. Idan hoto ya nuna Kirsimati ta masu wadata ce kaɗai, yaron da ya kwana a gidan wani zai ce ba shi da rabo a ciki. Ku nuna masa Mai Ceto shi ma ya yi gudun hijira.

4. Abin da za mu yi. Kada ka miƙa wa yaro littafi ka tafi. Zauna da shi, Littafi Mai Tsarki a buɗe, gama muna da shi dukansa da Hausa tun 1932. Ka tambaye shi, "Me ka gani a nan?" Sa'an nan ka karanta ayar, ku gwada tare. In ba littafi, ba shi takarda da fensir, ko ya zana a ƙasa: makiyaya suna jin ɗumin wuta cikin dare, da uwa da jariri a kan jaki ko a ƙafa. Garke da sanyin dare da tafiya, duka ya san su.

Tambayoyi:
(a) Su wane ne suka fara jin albishir a Luka 2?
(b) A ina masu hikima suka sami Yesu?
(c) Wane yaro ne a unguwarku ya ke bukatar jin labarin Masar bana? Wa zai gaya masa?