Yadda Ake Gina Rumbun Keɓaɓɓun Kalmomi Mai Harsuna da Yawa

Rumbun keɓaɓɓun kalmomi ma'ajiya ce a kwamfuta da ake tara kalmomin wani fanni a cikinta, kamar likitanci ko shari'a ko aikin gona, kowace da bayaninta da takwarorinta a wasu harsuna. Bambancinsa da ƙamus yana wurin da aiki yake somawa. Mai ƙamus yakan ɗauko kalma ya jero duk ma'anonin da take ɗauke da su. Mai rumbu kuwa ma'ana guda yake kamawa, sannan ya bi harsuna ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sunanta. Wanda ya kafa wannan tsari shi ne Eugen Wüster, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, wanda kundin digirinsa na 1931 ya yi magana kan daidaita kalmomin fasaha tsakanin ƙasashe. Ƙamusunsa na injinan ƙira da ya fito a 1968 bisa dangantakar ma'anoni aka jera shi, ba bisa jerin baƙaƙe ba.

Matakin farko shi ne shata iyaka: su wane ne za su yi amfani da rumbun, wane fanni zai ƙunsa, da waɗanne harsuna. IATE, rumbun Tarayyar Turai, yana aiki da harsunan hukuma 24, domin kowace doka ta Tarayyar sai ta fito a cikinsu duka. TERMIUM Plus na gwamnatin Kanada yana da Ingilishi da Faransanci, an kuma ƙara masa Sifaniyanci da Fotugis. Rumbun da za a yi wa Hausa ba zai wadatu da Ingilishi kaɗai ba, domin takardun hukuma a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Faransanci aka saba rubuta su, sannan a fagen fiƙihu da rabon gado Larabci ne tushe. Gara a kama fanni guda a gama shi da kyau da a buɗe fannoni goma a bar su kowanne rabi.

Daga nan sai a tsara katin shigarwa. Sunan kati ya samo asali ne daga zamanin da ake rubuta kowace ma'ana a 'yar takarda a jera a akwati, kuma har yau masu aikin suna amfani da shi. Katin hawa uku ne. Hawa na sama na ma'anar ne ita kanta: lambarta wadda ba ta canzawa, fanninta, da hoto in ana buƙata. Hawa na tsakiya na harshe ne, inda kowane harshe yake da ɗakinsa. Hawa na ƙasa na kalma ne, kuma a nan ake rubuta ajinta na nahawu, da madogararta, da jimlar misali, da yankin da ake faɗinta. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce ma'ana ɗaya kati ɗaya. Kalmar manhaja ta isa misali. A wurin malamin makaranta tsarin darussan shekara ce, a wurin mai gyaran waya kuwa abin da ake saukewa a kan waya ne. Kati biyu ke nan, ɗaya a fannin ilimi ɗaya a fannin sadarwa, ko da yake rubutunsu iri ɗaya ne. Akasin haka ma yana faruwa: ƙanjamau da sida da cuta mai karya garkuwar jiki sukan faɗa kan abu guda a bakin jama'a, saboda haka sai an zauna da likitoci an tantance wacce ce sunan ƙwayar cutar, wacce ce sunan ciwon da take haifarwa, kafin a san ko kati ɗaya za a buɗe ko biyu.

Hausa tana buƙatar guraben da mai tsara rumbu da Ingilishi ba zai tuna da su ba. Dole a nuna jinsin kalma, domin mai fassara yana son sanin ko kwamfutar zai ce ko kwamfutan. Dole a nuna jam'i, tunda ba a iya cankarsa daga tilo: manhaja manhajoji, amma asusu asusai. Idan ba a tanadi waɗannan gurabe tun farko ba, sai a ga ma'aikata suna cusa su cikin gurbin kalma, kuma daga nan bincike ya lalace. Gurbi ɗaya bayani ɗaya: ba a rubuta kalmomi biyu a layi guda da waƙafi a tsakaninsu.

Sai tattara kalmomi. Ana tara matanin fannin, wato dokoki da littattafan koyarwa da takardun wayar da kai da labaran rediyo da aka rubuta, a ba manhaja ta fitar da kalmomin da suke yawan maimaituwa. Abin da manhajar ta fitar tsaba ce da ƙaiƙayi a haɗe, sai mutum ya sheƙe. Ayyukan magabata suna cikin abin da ake fara dubawa. Akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya fito a 1990, da kuma ƙamus na kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci na 1991. Na biyun yana da nasaba da tanadin tsarin mulkin Nijeriya, wanda a yau yake sashe na 55, cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma sauran harsunan uku idan an yi shirin da ya dace. Ayyuka ne da aka sha wahalarsu, kuma abin takaici ne a ce ɗalibi ya fara ƙirƙirar kalma daga tushe alhali an riga an yi ta tun kafin a haife shi, don kawai littafin yana kulle a ɗakin karatu.

Rubuta ta'arifi shi ne wurin da aikin ya fi cin lokaci. Ta'arifi mai kyau jimla ɗaya ce da take faɗin dangin abu, sannan ta faɗi abin da ya raba shi da 'yan'uwansa. Idan ana bayanin Majalisar Dattawa, sai a fara da cewa zaure ne na majalisar dokoki, sannan a kawo abin da ya bambanta ta da ta Wakilai. Ba a bayyana kalma da ita kanta, ba a kuma tura mai karatu daga kati zuwa kati har ya dawo inda ya tashi. Amfanin wannan wahala yana bayyana ne lokacin haɗa harsuna, domin ta'arifi ake gwadawa da ta'arifi. Ƙwayar cuta a Hausa ta haɗa abubuwan da likita yake rabawa: akwai bakteriya wadda maganin kashe ƙwayoyi yake ci, akwai bairos wanda wannan magani ba ya taɓa shi. Rumbun da ya ba su suna ɗaya ya ɓatar da mai fassara, mai fassara kuma ya ɓatar da majiyyaci. Inda takwarar ba ta cika daidai ba, sai a rubuta a kan katin cewa ta fi faɗi ko ta fi ƙunci. Haka ma muƙaman mulki: shugaban ƙaramar hukuma a Nijeriya da magajin gari a Nijar suna kama da juna, amma dokar da ta kafa kowanne daban ce.

Idan an nema an rasa kalma, hanyoyin samar da ita sanannu ne. Akan faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar yadda shafi ya tashi daga littafi ya koma intanet. Akan harhaɗa, kamar hannun jari da kasafin kuɗi. Akan ara a hausantar, kamar asibiti. Kafin a ƙirƙiri sabuwa, wajibi ne a je wurin masu sana'ar a saurara, domin sau da yawa bakanike ko ungozoma sun daɗe da raɗa wa abin suna, kuma sunansu ne zai rayu.

Kowace kalma sai an ba ta matsayi. IATE yana nuna wadda aka fifita, da wadda aka yarda da ita, da wadda aka hana, da wadda ta tsufa, sannan yana auna ingancin madogara da taurari daga ɗaya zuwa huɗu. Kalmar da aka hana ba a goge ta. Ana barinta da alama, don wanda ya nemo ta ya ga wadda ta maye gurbinta. Hukuncin ba na mutum ɗaya ba ne: mai tattarawa ya shigar, masanin fanni ya duba ma'ana, masanin harshe ya duba siga, kwamiti ya sa hannu. Inda Kano da Damagaram suka saɓa, kamar makaranta da lakwal, ba a tilasta ɗaya a kan ɗaya. Ana shigar da duka biyun, kowace da alamar ƙasarta. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025.

Batun rubutu ƙarami ne a ido, amma shi yake kashe rumbu. Dole a adana komai da tsarin Unicode, domin baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su fito daidai a kowace na'ura. Nijeriya tana rubuta 'ya'ya, Nijar tana rubuta ƴaƴa, kuma injin bincike ya kamata ya gane su a matsayin abu ɗaya. Yawancin masu nema daga waya suke bugawa ba tare da lanƙwasa ba, don haka wanda ya buga kasa ya kamata a nuna masa ƙasa ma, ya zaɓa. Lambar Hausa a ƙa'idar ISO 639 ita ce ha, ana kuma liƙa mata NG ko NE don nuna ƙasa, ko Arab idan da ajami aka rubuta.

Bayanan da aka tara bai kamata su zama fursunan manhaja ɗaya ba. Don haka ake fitar da su a sigar TBX, wadda ƙa'idar ISO 30042 ta tsara tun 2008, domin manhajojin masu fassara su iya karanta su kai tsaye. A lokacin ne kuma ake yanke shawarar lasisi: wa zai iya saukewa, da wane sharaɗi. IATE ya buɗe ƙofarsa ga jama'a a 2007, TERMIUM Plus ya zama kyauta a 2009.

Bayan ƙaddamarwa sai kulawa, wadda ba ta da ranar gamawa. Babbar cutar rumbu ita ce tagwayen katuna, ma'ana ɗaya a wuri biyu da amsoshi masu karo da juna. IATE ya gaji wannan matsala domin an gina shi ne ta hanyar haɗe tsofaffin rumbunan hukumomi daban-daban, ciki har da Eurodicautom na Hukumar Tarayyar, kuma an shafe shekaru ana tace su. Maganinta shi ne a bincika kafin a buɗe sabon kati, a kuma ware lokacin haɗe waɗanda suka kuɓuce. Kowane gyara yana ɗauke da sunan mai yinsa da rana da dalili, yadda wanda ya zo bayan shekara goma zai san abin da ya sa aka sauya. Ana duba jerin kalmomin da mutane suka nema suka rasa, domin shi ne yake nuna aikin da za a sa gaba. Kowane fanni a damƙa shi ga wani ma'aikaci takamaimai, a ajiye kwafin rumbun a wuri fiye da ɗaya, a kuma sa albashin masu kula da kuɗin ma'ajiyar intanet cikin kasafin kowace shekara.