Yadda Za Ka Tono Soyayyar Da Ke Ɓoye Cikin Magana Jari Ce

Ɗaliban sakandare a nan Dawakin Tofa sukan ce littattafan da ba su da soyayya, sai yaƙi da aljanu da wa'azi. Akwai ta, kunya ce ta lulluɓe ta. Ɗauko littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka buga a 1937, mu bi shi a hankali.

Mataki na farko: karanta shi don daɗi. Ajiye biro. In an gama girbi, samu gindin ɗorawa ko zaure bayan la'asar, ka bar akun da ke ba da hikayoyin littafin ya yi ta zuba.

Mataki na biyu: koma ka karanta uwar labarin kaɗai. Tsallake duk hikayoyin aku, ka bi Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da Waziri. Sai ka tambayi kanka, me ya haddasa yaƙin da ya fitar da Sarki daga gari? Maganar auren Musa da Sinaratu ce, 'yar Sarkin Sinari. Da ba ita, da Sarki bai fita ba, da Waziri bai samu damar ƙulla makirci ba, da aku bai kwana yana ba da labari ba. Ga ta ba ta cika fitowa fili ba, amma duk littafin a kanta ya rataya.

Mataki na uku: auna shirun da ma'aunin gida. Nan ne masu karatu da yawa ke ɓata. Ka san a garin nan uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, tsohuwa kuma sai ta shekara arba'in da miji ba ka ji sunansa a bakinta ba, sai dai "malam" ko "shi". Ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Ka ga yarinya ta zo sayen tukunya a wajen maginan garin nan, saurayinta ya gifta, ta sunkuyar da kai tana ƙwanƙwasa tukunyar da ta riga ta biya kuɗinta. To da wannan idon za ka karanta Imam. Inda aka ambaci mace aka yi saurin wucewa, dakata a wurin.

Mataki na huɗu: nemi asalin labarin. Akun da ke tsare mutum da hira har gari ya waye ba a Zariya aka ƙyanƙyashe shi ba. Yana cikin wani tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, da ɗan'uwansa na Farisa, Tutinama. A can matar wani falke ce ke son fita da dare wurin kwartonta, aku yana riƙe ta da labari. Imam ya cire matar ya sa yarima, ya mai da fitar dare ta zama ɗokin zuwa fagen fama. Kwarangwal ɗin dai na labarin bege ne: shiri kowane dare, tsayawa sallama, asuba ta riske ka ba ka je ba. A ganina wannan sauyi ya fi kowace hikaya da ke ciki nuna gwanintarsa, don ya san littafin aji za a kai wa yara.

Mataki na biyar: gwada alama kafin ka yarda da ita. Aku baƙo ne, saye aka yi, a keji yake, ba shi da komai sai baki, amma ya kayar da Waziri mai bayi da dukiya. Sunan littafin ma ya goyi bayan wannan fassara. Amma kar ka ga doki fari sau ɗaya ka ce tsarkin zuciya ne. Wani lokaci doki doki ne. In abu bai dawo sau biyu ko uku ba, kuma cire shi ba zai girgiza labarin ba, ƙyale shi.

Mataki na shida: karanta wa wani dattijo da ya yi firamare a da babin farko da ƙarfi. Lura da inda ya murmusa, ka sa alama da fensir, gobe ka koma wurin kai kaɗai.