Kafin Ka Zuba Ƙumba a Akwatin Kifinka

Wani mai karatu daga Bakura, wanda ya haɗa akwatin gilashi na kifin ado a zaurensa, ya aiko da tambaya biyu. Ya ga bidiyon wata ƙumbar teku da ke huda dutse ta zauna a ciki, yana so ya san ko zai iya sa a nemo masa ita ta hannun dillalan Legas. In ba ta samu ba, ko zai iya ɗebo ƙumbar da yara ke tonowa a bakin gulbi ya zuba, tunda an ce tana tace ruwa.

Malam, ta farkon ka cire ta daga ranka, kuma ga dalili. Masana na kiranta Lithophaga lithophaga. Doguwa ce, ruwan ƙasa, tsawonta da launinta kamar dabino. Gidanta Tekun Bahar Rum da gaɓar Atilantika daga Fotugal zuwa Senegal. Tun tana ƙarama take manne wa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, sai ta riƙa fitar da wani sinadari daga jikinta yana narkar da dutsen a hankali, ramin na faɗaɗa gwargwadon girmanta. Bakin ramin kuwa yana nan ƙarami, don haka ba ta sake fitowa. Daga ciki take zuƙo ruwa, ta tsince ƙananan halittun da ido ba ya gani, ta fesar da sauran. Girmanta na da matuƙar jinkiri: takan kai shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, kafin ta kai santimita 5, kuma tana iya wuce shekara 50 a raye.

Wannan jinkirin na cikin dalilan da suka sa aka hana kamun ta. Ba a iya ciro ta sai an farfasa dutsen da guduma, dutsen da ɗimbin halittu ke rayuwa a kansa, kuma wurin da aka fasa yakan daɗe fayau. Italiya ta haramta kamun ta a 1988, Tarayyar Turai ta haramta kamawa da sayarwa a dokarta ta 2006, sannan tun 2005 tana cikin jerin yarjejeniyar CITES kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ba a ƙetare iyaka da ita sai da takarda. Duk wanda ya ce zai kawo maka ita, ko dai kayan sata zai kawo, ko ya karɓi kuɗinka ya ba ka wani abu dabam. Ko da ta iso, sai a ruwan teku take rayuwa, wanda ke ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma gishirin miya ba ya maye gurbinsa. Tana son ruwa mai sanyi, kai kuma ka san zafin Afrilu a Mafara yakan haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Bayan duk wannan wahalar, abin da za ka gani a akwatin dutse ne mai ƴan ramuka.

Tambayarka ta biyu ce ta fi buƙatar zama, domin ita ce za ka iya aikatawa gobe da safe.

Ƙumbar ruwan daɗi, wadda iyayenmu mata ke kankare tukunya da ɓawonta, ba ta huda dutse. Tana binne rabin jikinta a laka ko yashi, tana tafiya a hankali da wata tsoka da take zurowa ta ƙasa. Akwai kuma wata ƴar'uwarta a kogunan yankin Neja, mai suna Etheria elliptica, wadda ke liƙe ɓawonta a jikin dutse inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Wannan ma ka bar ta inda take, don ta fi son ruwa mai gudu. Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce ta laka, musamman da rani in ruwa ya janye. Tambayi masunta na bakin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, su ne suka san gefen da take kwanciya.

Gaskiya ne tana tace ruwa, babba guda kan iya zuƙar lita gommai a yini. Amma tacewar ita ce cin abincinta. Abin da ke sa ruwan tafki ya yi kore ko duhu-duhu, shi take ci. Akwatinka kuwa, da injin tacewa da ruwa garai-garai, babu komai a cikinsa da za ta ci. Za ta tsince ɗan abin da ya rage cikin kwanaki kaɗan, daga nan ta shiga yunwa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne juriyarta: wasu nau'o'in Afirka kan rufe baki su yi watanni cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo. Don haka za ka gan ta wata biyu, wata uku, ka ɗauka lafiya lau take, alhali naman jikinta take ci. Ranar da ta mutu, naman na ruɓewa cikin ɓawo ya saki amoniya, kuma a ƙaramin akwati cikin zafi dare ɗaya ya isa ka wayi gari kifinka na shawagi a sama. Kuma ba ta cire kashin kifi ko ragowar abinci, ita ma kashi take yi. Canjin ruwa yana nan a wuyanka.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ƴaƴan ƙumbar ruwan daɗi ba sa girma sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci, a fata ko fiffike ko wurin numfashi, kafin su faɗo ƙasa. A gulbi wannan ba ya cutar da kifi sosai, don kifin na da yawa. A akwati mai kifi kaɗan, nauyin na iya yi musu yawa.

In duk da haka ranka na so, to kada ka fara da akwatin zaure. Nemi baho babba ko kwatarniya, ko gefen tafkin kiwon kifi na ƙasa, inda rana ke taɓawa da safe ruwan ya yi kore, inuwa ta rufe da tsakar rana. Shimfiɗa yashin gulbi da aka wanke, kaurinsa kamar santimita 10, don ta samu wurin nitsewa. Sa famfon iska mai batir. Ƙumba biyu ko uku sun isa. Ajiye ta kawai a kan yashin, ita za ta binne kanta, kuma in kwana biyu suka wuce tana kwance ba ta motsa ba, mayar da ita inda ka ɗauko ta. Ruwan famfo mai kulorin sai ya kwana a buɗe kafin ka ƙara. Maganin kifi mai ɗauke da jan ƙarfe yana kashe ta, haka ma ruwan da ya ratso gonar da aka yi wa feshi, kuma ka san yadda ake feshi a fadamun shinkafa na Bakura da Mafara. Kada ka haɗa ta da gaiwa ko ƙurungu, masu cin irin waɗannan halittu ne, tarwaɗa ma ba za ta bar ta ta zauna ba. Kowace safiya ka taɓa ta da yatsa. Mai rai takan rufe baki gam. Wadda ta hangame ba ta rufe ba, fitar da ita nan da nan ka canja rabin ruwan.

Wajen ɗebowa ka kula da kanka. Magudanan ban ruwa da bakin tafki wurin zaman ƙananan katantanwa ne masu yaɗa tsargiya. Ƙumba ba ta ɗauke da cutar, amma katantanwar kan biyo ciyawa da laka, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. Sa takalmin roba da safar hannu, kada ka aiki yara su tsunduma, ka wanke ɓawon da buroshi, ka bar laka da ciyawar a can.

Maganar ci kuwa, halittar da ke tace ruwa tana tara abin da ke cikinsa, har da dalma. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010, kada a dafa ƙumbar da aka ɗebo ƙasa da inda ake wankin zinariya, a Maradun ne ko a ko'ina.

In tsabtar ruwa kake nema, sayi matatar soso mai aiki da famfon iska, ka rage abincin da kake zuba wa kifin, ka riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Ɓawon ƙumba da ka tsinta a bakin gulbi, wanda babu nama a ciki, ka tafasa shi ka sa a akwatin don ado. Guda ɗaya ko biyu kawai, domin yana narkewa a hankali yana ƙara wa ruwa alli.