Shawara Ga Ɗalibin KASU Da Ba Ɗan Asalin Jiha Ba

A Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, wadda aka kafa a 2004, kuɗin makaranta kashi biyu ne: na 'yan asalin jiha, da na waɗanda ba 'yan jiha ba, kuma na biyun ya fi tsada. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne yaron da aka haifa a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, ya yi firamare da sakandare duk a nan, amma kakansa mutumin Funtuwa ne ko Gumel. Wannan yaro ɗan Kaduna ne a bakin kowa. A wurin rajista kuwa, takarda ake dubawa.

Don haka ka fara da takardun. Ka duba jihar da ƙaramar hukumar da ka rubuta a JAMB, ka tabbata sun dace da abin da ke cikin NIN ɗinka da takardar shaidar asali. Katin mazauna jiha da KADRIMA ke bayarwa yana da amfani, ka yi shi, amma kada ka ɗauka shi kaɗai zai mayar da kai layin 'yan jiha. Je ofishin rajista da ke harabar titin Tafawa Balewa ka tambaya kafin ka biya ko sisi. A ganina bai dace a ce wa wanda iyayensa suka shekara talatin suna biyan haraji a garin nan baƙo ba, amma sayen takardar bogi ba magani ba ne: ranar da aka gano, karatun gaba ɗaya na iya rushewa, ko da kana ajin ƙarshe.

Kada ka dogara da adadin da wani tsohon ɗalibi ya faɗa maka. An ƙara kuɗin sosai a 2021, sannan Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin ɗari a 2023. Jadawalin bana kawai za ka bi.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske shi ne wurin kwana. Ɗakunan makaranta ba sa isa, masu gida kuma kuɗin shekara suke so a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin wuta da ruwa. Ɗaki a Unguwar Rimi ko Malali ya fi na Hayin Banki ko Rigasa tsada, amma ka lissafa kuɗin keke na zuwa da dawowa kullum har ƙarshen zango kafin ka ce ka samu araha. Sau da yawa mutum biyu a ɗaki na kusa sun fi mutum ɗaya a na nesa riba. Kada ka miƙa kuɗi sai ka ga ɗakin da idonka, ka tambayi maƙwabta yadda ruwa yake da rani, an kuma rubuta yarjejeniya da shaidu.

Katifa da tukunya, ka saye su a Kasuwar Bacci. Hatsi da manja, ka taho da su daga gida in da hali.

Da zarar ka samu lambar rajista, nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Ba ruwansa da jihar da ka fito, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba ka naira 20,000 a wata. Ka tuntuɓi hukumar tallafin karatu ta jiharka ma, domin ita ce ke da alhakinka ko da a Kaduna kake karatu.