Sarrafa Amfanin Gona Zuwa Kayan Zaƙi a Gida: Darasi ga Mazauna Kasuwar Artisan da Sauran Zangonnin Kudu

Gabatarwa

Kasuwar Artisan da ke Inugu tana cikin wuraren da kayan Arewa ke sauka a Kudu, kamar dabbobi da albasa da tumatir da gyaɗa da aya. A kewayenta, kamar a unguwannin Hausawa na Anaca da Fatakwal, akwai mata da yawa da ke taimakon gidajensu da sana'ar kantu da gullisuwa da kwakumeti da kek da ƙanƙarar zoɓorodo. Sana'ar tana ƙara wa amfanin gona daraja, kuma ba ta buƙatar babban jari.

Sai dai yadda aka saba yin waɗannan kaya a Kano ko Zariya ba ya wadatarwa a Kudu. Ruwan saman Kano a yawancin shekaru ba ya kai milimita 1,000, alhali na Inugu ya haura 1,500, na Fatakwal kuwa ya wuce 2,000. Iska mai ɗanshi tana narkar da alewa, tana sa gyaɗa da kek fumfuna cikin 'yan kwanaki. Yawancin masu sayen kayan nan yara ne, don haka kuskure a ɗakin girki yana iya jawo asarar jari da ciwo a lokaci guda. Wannan darasi zai taimaki malaman gona wajen horar da ƙungiyoyin mata, ya kuma tunatar da manoma cewa ingancin alewa daga gona yake farawa.

Zaɓen Gyaɗa da Haɗarin Fumfuna

Babban abin tsoro a gyaɗa shi ne dafin da ake kira aflatoksin. Wata irin fumfuna ce ke haifar da shi idan gyaɗa ko masara ba su bushe sosai ba, ko aka adana su a wuri mai laima. An gano shi ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Cin sa kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci yana lalata hanta, yana kuma iya kawo sankararta.

Abin lura a nan shi ne suya da dafuwa ba sa kawar da wannan dafi. Don haka tsincewa ita ce kariyar da mai sana'a ke da ita:

1. A baza gyaɗa a faranti a wuri mai haske kafin a soya.
2. A fitar da duk ƙwayar da ta motse, ta yi baƙi, ta fashe, ko ƙwaro ya huda.
3. A zubar da abin da aka tsince. Kada a yi ƙuli-ƙuli da shi, kada kuma a ba kaji ko awaki, domin dafin yana iya fitowa a nonon dabba.
4. A sayi gyaɗar da za ta ƙare cikin mako biyu kawai, musamman da damina.
5. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango.

Ga manoma kuwa, a tuge gyaɗa da zarar ta nuna, a busar da ita har laimarta ta sauko zuwa kashi 8 cikin 100 ko ƙasa da haka. Alamar hakan ita ce ƙwaya ta riƙa ƙara a cikin kwanso idan an girgiza. Akwai kuma Aflasafe, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin gyaɗa ta yi fure don rage fumfunar mai dafi.

Yadda Ake Kantun Gyaɗa ko na Riɗi

Kayan haɗi: soyayyar gyaɗa da aka murje kofi 2, sukari kofi 1, ruwan lemun tsami rabin cokalin shayi, da man gyaɗa kaɗan.

A shafe faranti da mai a ajiye a kusa. A zuba sukari da ruwan lemun tsami a busasshiyar tukunya mai kauri, a ɗora a wuta marar ƙarfi har ya narke ya yi ruwan zuma. Lemun tsami yana hana sukarin komawa tsaki-tsaki. Don gane ko ya kai, a ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. Idan ya daskare ya karye kamar gilashi, to zafinsa ya kai wajen digiri 150, wanda shi ake bukata. Idan yana lanƙwasa, da sauran ruwa a cikinsa, kuma irin wannan kantu shi ke saurin yin danƙo. Sai a zuba gyaɗa, a juya da sauri, a juye a faranti, a daddanna da kwalbar da aka shafa wa mai, a yanka tun da ɗumi.

Idan riɗi ne, a wanke shi a rege tsakuwa, a shanya ya bushe, sannan a soya sama-sama. Haka ma kwakumeti: kwakwa tana da araha a Kudu, amma dole a soya ta da sukari har ta bushe ƙayau.

Sukarin da aka dafa yana zuƙar laima daga iska. A Arewa ana iya barin kantu a buɗe lokacin hunturu ba abin da zai same shi. A Kudu kuwa, da zarar ya huce a ƙulla shi a leda, a zuba a roba ko kwalba mai murfi. Kada a ƙulla da zafi, domin tururi zai koma ruwa a cikin ledar.

Kayan Madara

Ana yin gullisuwa da tuwon madara da madarar gari, kuma ita ta fi sauƙin adanawa. Wadda ta samu ɗanyar madarar shanu, wajibi ne ta tafasa ta kafin ta yi amfani da ita, domin tarin fuka da cutar bakkale suna iya kama mutum ta ɗanyar madara. A yi tuwon madara daidai wanda za a sayar cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda laimarsa ta fi ta gullisuwa.

Gashin Kek da Garin Rogo

Rogo yana da yawa a jihohin Inugu da Anambra da Ribas, alkama kuwa yawancinta daga waje ake shigo da ita. Ana iya maye kashi 10 cikin 100 na fulawa da ingantaccen garin rogo ba tare da kek ko cincin ya sauya ɗanɗano ba. Ingantaccen gari shi ne na rogon da aka feƙe, aka goge, aka matse, aka busar a rana guda ba tare da ya yi tsami ba. Garin kwaki da alabo ba su dace da wannan aiki ba. Rogo mai ɗaci yana da dafi, kuma gogewa da matsewa da busarwa ne ke fitar da shi, don haka kada a tsallake ko ɗaya.

Kayan haɗi: fulawa giram 225, garin rogo giram 25, bota giram 250, sukari giram 250, ƙwai 4, bekin foda cokalin shayi 2.

A buga bota da sukari har su yi fari, a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan a zuba gari da bekin foda da aka tankaɗe tare. Wadda ba ta da oben tana iya zuba tsabtataccen yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a garwashi ya yi zafi, ta jera gwangwanaye a kai, ta rufe, ta zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Ƙananan gwangwanaye kan gasu cikin minti 20 zuwa 25. A soka tsinke a tsakiya, idan ya fito ba ƙullu to ya gasu. A bari ya huce sarai kafin a naɗe, a kuma sayar cikin kwana uku. Duk kek ɗin da ya fara fumfuna a zubar da shi ɗungurungum, yanke gefen da ya ɓaci ba ya wadatarwa.

Ƙanƙarar Zoɓorodo, Tsamiya da Kunun Aya

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da yaɗuwarsu kawai take yi. Ruwan da ke ɗauke da kwalara ko taifot yana iya kai cutar ga yaro ko da ya zama ƙanƙara. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. A tafasa duk ruwan da za a yi amfani da shi, har da na tace aya.
2. A wanke hannu da sabulu, a kuma tafasa kyallen tacewa.
3. Kada a hura leda da baki don buɗe ta.
4. A guji kwalaben roba da aka tsinto.
5. A sa abin sha a firiza cikin awa biyu da haɗawa. Kunun aya ya fi kowanne saurin tsami.
6. A daidaita sukari, domin idan ya yi yawa ƙanƙara ba ta kamawa sosai.

Matsalar wutar lantarki ita ce babbar barazana ga wannan sana'a. Firizar da ta cika tana riƙe sanyi fiye da wadda ke da rabi, muddin ba a yawan buɗe ta. Ƙanƙarar madara ko ta kunun aya da ta narke gaba ɗaya, kada a sake daskarar da ita a sayar. Mai talla ya yi amfani da kula, ya barbaɗa gishiri a kan ƙanƙarar da ke kewaye da kayan, domin gishiri yana ƙara saukar da sanyinta.

Lissafi da Doka

A rubuta kuɗin kowane abu: gari, sukari, mai, gawayi, leda, man janareta da ladan mai talla. A raba jimlar da yawan ƙullin da aka samu, sannan a ɗora riba. Mata da yawa kan manta kuɗin makamashi da na kayan da suka lalace, sai jari ya riƙa zaizayewa ba su sani ba.

Wadda ke son kai kayanta kantuna a cikin leda mai suna tana bukatar rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Hukumar ta haramta sa sinadarin buromet a burodi. A kuma guji duk wata kala ko sinadarin zaƙi da ake sayarwa a ƙulle ba suna ba lamba.

Kammalawa

Ana shawartar malamin gona ya koyar da wannan darasi a aikace. Ya sayo gyaɗa mudu ɗaya daga kasuwa, ya sa mahalarta su tsince ta, su auna abin da aka fitar. Daga nan a yi kantu kashi biyu, a ƙulla ɗaya a leda, a bar ɗaya a buɗe, a duba su bayan kwana biyu. Abin da mata suka gani da idonsu shi za su riƙe. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha mafi kusa.