Darasin Kasuwanci: Rigunan Sanyaya Jiki da Zafin Yobe

A tsakanin watan Maris da Mayu, zafin rana a Damagum da Potiskum yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Masu dako, magina, direbobi da dillalan kasuwar shanu ta Potiskum, wadda take cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, duk cikin wannan rana suke neman abinci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi hasashe a rahotonta na 2019 cewa nan da 2030 zafi zai cinye kusan kashi 5 cikin 100 na lokutan aiki a Afirka ta Yamma. Ke nan duk hajar da za ta rage wannan asara tana da kasuwa. Sai dai wajibi ne ɗan kasuwa ya san irin wadda zai saro, domin iri-iri ne, ga uku daga cikinsu.

Na farko shi ne riga mai ƙananan fankoki masu aiki da batir, wadda kamfanin Kuchofuku na Japan ya fito da ita a 2004. Aikinta shi ne busar da gumi. An ƙera ta ne domin zafin Japan mai damshi, inda gumi ba ya bushewa da wuri. A bazarar Yobe kuwa iskar busasshiya ce, kuma idan ta fi fatar mutum zafi, wato kimanin digiri 35, fanka tana iya hura masa zafi maimakon sanyi. Saboda haka amfaninta a nan ya fi yawa da damina.

Na biyu shi ne ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a bayan wuya, irin Reon Pocket ta kamfanin Sony, wadda ta shiga kasuwa a 2020. Tana aiki ne da dabarar da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834: idan lantarki ya ratsa mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Don haka tana sanyayawa da bazara, ta ɗumama da hunturu, ana kuma sarrafa ta da wayar hannu. Amma wurin da ta taɓa kaɗai take sanyayawa, tana buƙatar caji a kai a kai, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin leburan da ya fi kowa bukatarta.

Na uku shi ne rigar da ake jiƙawa da ruwa. Sirrinta shi ne sirrin randa: ruwa yana ƙafewa, yana tafiya da zafi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon ingancin aikinta. Ba ta neman batir, kuma telolinmu za su iya ɗinka irinta idan an samo yadin da yake riƙe ruwa.

Darasin a nan shi ne, yanayin gari da aljihun mai saye su ne ma'auni, ba sunan kamfani ba. Mai son shiga wannan harka ya fara da 'yan kaɗan, ya gwada su a jikin ma'aikatansa cikin watan Afrilu, kafin ya zuba jari mai yawa. Ya kuma tuna cewa babu rigar da za ta maye gurbin ruwan sha da hutu a inuwa. Allah ya sa albarka a nema.