Darasi: Yaron da Jikinsa Ba Ya Karɓar Wani Abinci, da Yadda Za a Kula da Shi a Kwanciyar Asibiti

Kowace shekara, daga ƙarshen bazara har zuwa kaka, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yawaita, iyaye mata daga Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da ƙasar Tarka sukan goyo yaransu zuwa likita saboda tamowa. Wasu yaran akan rubuta su a CRENAS, a riƙa ba su abincin magani suna ci a gida. Waɗanda ciwon ya yi wa tsanani kuwa, ko suka daina cin abinci, ko jikinsu ya kumbura ƙwarai, akan kwantar da su a CRENI tare da uwayensu.

Abincin da ake warkar da tamowa da shi, da gyaɗa da madarar shanu ake yin sa. Yara mafi yawa suna ci lafiya, su murmure. Amma akwai ƴan kaɗan da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko madara, kuma ga irin waɗannan loma ɗaya tana iya zama haɗari. Wannan darasi yana koyar da abu guda: uwa ta faɗi abin da ta gani tun a bakin ƙofa, ta sa ido a kan abin da ke shiga bakin ɗanta, ta bar wa ma'aikatan lafiya hukuncin canza abinci.

Mene ne wannan ciwo?

A jikin kowane mutum akwai garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani lokaci garkuwar takan yi kuskure, ta ɗauki abinci mai kyau a matsayin abokin gaba, ta tasar masa. Wannan shi ne abin da ma'aikatan lafiya ke kira alerji. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma lalacewar nonon uwa ba ce. Ba a ɗaukar sa daga wani yaro.

Abincin da ya fi jawo shi ga yara su ne madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, riɗi, waken soya da alkama. Alamun sukan bayyana da wuri, daga ƴan mintoci zuwa awa biyu bayan ci, kuma sukan dawo duk lokacin da yaron ya sake cin wannan abincin. Dafawa ko suya ba ta kawar da haɗarin gyaɗa. Yara da yawa sukan rabu da alerjin madara da na ƙwai idan sun girma, amma na gyaɗa ya fi daɗewa, sau da yawa har girma.

Alamun da uwa za ta sani

Alamu masu sauƙi: borin jini, wato fata ta yi rudu-rudu tana ƙaiƙayi, jan fata a kewayen baki, ƙaiƙayin ido da hanci, amai sau ɗaya bayan ci. A dakatar da abincin, a sanar da ma'aikacin lafiya nan take, a ci gaba da lura, domin ƙaramar alama tana iya girma.

Alamun haɗari: kumburin harshe ko maƙogwaro, kumburin leɓe da fuska mai ƙaruwa da sauri, numfashi da ƙyar ko mai fito, murya ta dushe, kukan yaro ya canza, amai a jere, yaro ya yi fari, ya yi laushi, ko ya suma. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, ko da tsakar dare ne, uwa ta ɗaga murya ta kira ma'aikaci, ko ta aiki maƙwabciyarta da gudu. Kunya ba ta da wuri a nan. Kada a yi wa yaron ɗure, kada a ba shi ruwa ko jiƙo, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a tsayar da shi a kan ƙafafunsa. A kwantar da shi. Idan numfashi ne ke ba shi wuya, a zaunar da shi a cinya. Idan yana amai, a juya shi gefe. Maganin wannan hali allurar adrenalin ce da ake yi a cinya. Maganin ƙaiƙayi na sha yana kwantar da fata, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Bayan yaron ya farfaɗo ma sai a ci gaba da lura da shi, domin alamun kan iya dawowa bayan wasu awoyi.

Abubuwan da ake ɗauka alerji ne, alhali ba shi ba ne

A nan ne ake yawan kuskure. Kumburin tamowa yana zuwa a hankali cikin kwanaki, yana farawa daga ƙafafu biyu, ba ya ƙaiƙayi, kuma idan aka danna bayan ƙafa da babban yatsa na daƙiƙa uku, sai rami ya zauna. Kumburin alerji kuwa farat ɗaya yake zuwa bayan ci, ya fi kama leɓe da fatar ido.

Haka kuma zawo. Hanjin yaro mai tamowa ya raunana, don haka yana iya yin kashi mai ruwa a kwanakin farko na shan madarar magani. Wannan kaɗai ba ya nuna alerji, kuma ma'aikata sun san yadda ake daidaita shi. Ƙurajen zafi, ƙazwa, ƙyanda da saɓar fata irin ta tamowa, kowanne da kamanninsa da maganinsa. Uwar da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan ta daina ba da abincin magani da kanta, ta cire wa ɗanta abin da ke riƙe da ransa. Tamowa mai tsanani tana kashe yara da yawa ƙwarai fiye da alerji.

Me ke cikin abincin magani?

F-75 madara ce da ake fara ba yaro a kwanakin farko, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana. F-100 ita ce ke biye mata idan yaro ya fara samun ƙarfi. Duka biyun da madarar shanu ake yin su, babu gyaɗa a ciki.

Plumpy'Nut, wanda mata da yawa ke kira biskit, ya ƙunshi niƙaƙƙiyar gyaɗa, garin madara, mai, sukari da sinadaran gina jiki. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, yana ba da kalori 500. An ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kuma a yunwar 2005 aka warkar da dubban yara da shi a ƙasarmu, musamman a jihar Maraɗi. Plumpy'Sup da ake ba masu matsakaiciyar tamowa shi ma yana da gyaɗa. Garin Misola gero ne da waken soya da gyaɗa. Garin Super Cereal Plus masara ce da waken soya da madara.

Sanin wannan yana da amfani. Yaron da gyaɗa ce kaɗai ba ta karɓe shi ba, likita yana iya ci gaba da warkar da shi da F-100 a asibiti. Wanda madara ce ba ta karɓe shi ba, lamarinsa ya fi wuya, domin tana cikin F-75 da F-100 da biskit. Likita ne zai tsara abin da za a ba shi, ko ya tura shi babban asibitin Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Tanut. Ko ta wace hanya, faɗar gaskiya ba ta sa a cire yaro daga shirin. Hanyar maganinsa ce kawai ke canzawa.

Ranar shiga asibiti

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likita yana ganin yaro yau, uwa kuwa ita ta ga abin da ya faru a gida. Kafin a yi gwajin cin abinci, wanda da biskit ake yin sa, uwa ta amsa tambayoyi huɗu ko da ba a yi mata su ba: wane abinci ne, me ya bayyana a jikin yaron, bayan wane lokaci, kuma sau nawa hakan ya faru.

Ga misalin yadda za ta ce: "Malam likita, kafin ka ba shi, ina da magana. Sau biyu na ba shi kunun gyaɗa, sau biyun nan leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi borin jini, tun ban gama wanke ƙwaryar ba." Wannan ya fi amfani a kan a ce "abinci ba ya karɓar sa" kawai.

Ta kuma faɗi idan wani magani ko allura ya taɓa sa masa ƙuraje ko kumburi, domin akan ba yara masu tamowa mai tsanani maganin ƙwayoyin cuta, kamar amoksisilin. Ta roƙi a rubuta bayanin a karnen lafiya da takardar jinyar yaron. Ma'aikata suna canjin aiki safe da dare, saboda haka duk sabuwar fuskar da ta zo da kofi ko ƙunshi, uwa ta maimaita cikin ladabi. Maimaitawa ba raini ba ce.

Zama a ɗakin jinya

A kwanakin farko ba a ba yaro komai sai nonon uwa da madarar da ma'aikata suka auna. Wannan doka ta dukan yara ce, amma ga mai alerji ta fi muhimmanci. A ci gaba da shayarwa. Uwa kada ta haramta wa kanta wani abinci sai likita ya ce.

Haɗari mafi girma ba daga ma'aikata yake fitowa ba, daga alheri yake fitowa. Mu mutane ne masu cin abinci tare. Maƙwabciyar gado takan miƙo fura, ƴan dubiya sukan zo da tsaraba, kaka takan tauna abu ta sa wa jikanta a baki. Gyaɗa tana ɓuya a ƙuli-ƙuli, kilishi, yajin tsire, kwaɗon zogale, miyar taushe, da duk abin da aka soya da man gyaɗa na gida. Madara tana cikin fura da nono, kindirmo, cuku, man shanu da biskit na kanti. Ƙwai yana cikin wasu soye-soyen fulawa. Yaron da madarar shanu ba ta karɓe shi ba, yawanci ta akuya da ta tunkiya ma ba za su karɓe shi ba. Ta raƙumi ma kada a gwada sai da izinin likita.

Uwa ta ware wa yaron kofinsa da cokalinsa, ta wanke su da sabulu. Ta wanke hannunta da bakinta bayan ta ci abinci, kafin ta ɗauke shi. Kada ta bari ya lashi ƙunshin biskit na wani yaro. Idan za ta fita wanki ko alwala, ta gaya wa wadda za ta riƙe mata shi. Ga surukarta kuwa tana iya cewa: "Inna, Allah ya saka da alheri. Ni zan ci, amma shi likita ya hana, har sai ya ba da izini." Maigida ma ya kamata ya ji bayanin daga bakin likita, domin maganarsa ce za ta tsayar da dangi.

Ranar sallama

Kada uwa ta fita sai ta san abu uku: abincin da aka hana, abin da zai maye gurbinsa, da ranar komawa CSI. Yaron da aka hana wa gyaɗa yana samun abin gina jiki daga wake, nama, hanta, ƙwai da nono, idan suna karɓar sa. Kada a sake gwada abincin a gida don a ga ko ya warke. Gwaji aikin asibiti ne, inda allura take kusa. Tun 2006 dokar ƙasa ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, don haka kada tsoron kuɗi ya hana komawa.

Aikin rele

Rele shi ne gada tsakanin gida da likita. Lokacin awon damtse, idan ma'auni ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko aka ga kumburin ƙafafu biyu, ya yi wa uwa tambayoyin nan huɗu kafin ya tura ta, ya rubuta amsar a takardar turawa. Ba aikinsa ba ne ya ce yaro yana da alerji, ko ya ce ba shi da shi. Bayan sallama ya ziyarci gidan, ya zauna da uba da kaka da kishiya, ya duba ko an fahimci abin da aka hana. A rugage da ƙauyukan da ke nesa da CSI, a shirya tun da wuri wanda zai ba da babur ko amalanke idan ta ɓaci.

Rele ya kuma kashe jita-jita. Labarin yaro ɗaya yana iya sa mata goma su ƙi biskit. Gyaɗa abinci ne mai albarka ga yawancin yara. Wani bincike da aka yi a Landan a kan jarirai 640, aka fitar a 2015, ya nuna cewa fara ba su gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da alerjinta da kimanin kashi 80 cikin 100. Saboda haka, bayan wata 6 na nonon uwa zalla, yaro mai lafiya ya ci kunu mai niƙaƙƙiyar gyaɗa, ba ƙwayarta ba, don kada ta shaƙe shi. Wanda yake da ƙurajen fata masu tsanani, ko wani abinci ya taɓa tayar masa, a fara tambayar likita.

Tambayoyin bita a zaman mata

1. Ta yaya ake bambanta kumburin tamowa da kumburin alerji?
2. Waɗanne abubuwa huɗu uwa za ta faɗa wa likita ranar shiga?
3. Ku ambaci abinci biyar na garinku da gyaɗa ke ɓuya a ciki.
4. Yaro ya yi zawo kwana biyu bayan fara F-75. Me uwa za ta yi, me kuma ba za ta yi ba?
5. Da tsakar dare harshen yaro ya kumbura, ma'aikaci yana wani ɗaki. Mene ne mataki na farko?

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya raya mana su.